Wa ya auna abin da ke cikin kafson koren shayi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani kaya da ya cika gidajen Hausawan Legas, musamman ɗakunan mata: kafso da garin koren shayi da ake sayarwa da sunan rage ƙiba, narkar da tumbi da wankin ciki. Ni mai kemis ne a Agege. Ba likita ba ne ni, ko da yake rabin unguwa "Dakta" suke ce mini. Lasisin sayar da ƙananan magunguna gare ni, sai ɗan Turancin da nake karanta jikin kwalba da shi. Wannan ɗan Turancin shi ya ja mini aikin da ba a biyana. Mace za ta sayi kaya a Instagram ko a rukunin WhatsApp, ɗan aike ya kawo mata har ƙofar gida, sai ta ɓoyo kwalbar a cikin hijabi ta dire mini a kan tebur, ta ce, "Dakta, duba mini, guda nawa ake sha?" Sau da yawa ba ni da amsar da zan ba ta, domin kwalbar kanta ba ta faɗi abin da ke cikin gudan ba.

Bari in fara cire shayin kansa daga zancen, kada masu shayi su ce na zo ɓata musu kasuwa. Ba ni da rigima da ganyen shayi. Duk wanda ya taɓa zama da Buzaye masu gadi a Ikeja ko Apapa ya san yadda suke ɗora 'yar buta a kan gawayi, su zuba koren ganyen nan na ƙasar Sin da ake murzawa ƙulu-ƙulu, su yi ta tsiyayawa daga buta zuwa ƙaramin kofi har ya yi kumfa, a sha na farko mai ɗaci, a mayar a sha na biyu, a sha na uku. Iyayensu da kakanninsu haka suka sha. Ganyen ma ana nomansa a ƙasar nan, a Kakara da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Koren shayi da baƙin shayi daga itace ɗaya suke fitowa. Shi koren ana turara shi ko a gasa shi da wuri bayan an tsinko, don kada ya rine ya yi baƙi, shi ya sa wasu sinadarai da ake kira katekin suke zama da yawa a cikinsa. Babbansu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da EGCG. Waɗannan haruffa huɗu nake so mai karatu ya riƙe.

Kafso kuwa wani abu ne daban. A masana'anta ake tatse ganyen, a busar da ruwan, a samu gari mai ƙarfi a ɗura. Abin da mutum zai sha a kofuna da yawa tun safe har dare, a hankali, tare da abinci da hira, shi ake dunƙulewa a haɗiye lokaci guda. A shekarar 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta fitar da sakamakon nazarinta a kan wannan. Ta ce mai shan koren shayi na dafawa yakan samu EGCG tsakanin miligiram 90 zuwa 300 a rana, kuma galibi babu abin fargaba a nan. Amma a kafso, daga miligiram 800 a rana zuwa sama, gwajin jini yana nuna alamun hanta ta fara wahala. Hukumar ba ta ma ce duk abin da bai kai 800 ba ya tsira ba; cewa ta yi bayanan da ke hannu ba su isa a ja layin da za a ce daga nan ƙasa lafiya lau ba. A Jihar Minesota ta Amurka an yi wani gwaji da mata fiye da dubu waɗanda suka daina al'ada, aka ba rabinsu EGCG miligiram 843 kullum har shekara guda. Waɗanda suka sha sun fi sauran nuna alamun wahalar hanta a jini, in suka daina alamar ta sauka, in suka koma ta sake tashi.

To, Edita, zo mu tsaya a bakin teburina mu karanta kwalba tare, ka ga ko za ka iya gane nawa ne EGCG a ciki.

Wata kwalba koriya shar, da hoton mace mai siririn ƙugu, an rubuta 1000 mg da manyan haruffa a gaba. Juya bayanta, ka matso da ita kusa da fitila, sai ka ga wannan dubun na kafso biyu ne, ba ɗaya ba. Kuma nauyin garin da aka tato ne gaba ɗaya, ba nauyin EGCG ba. Sunan EGCG ma bai fito ko sau ɗaya ba. Wata kuma ta fi wannan cika baki: 10,000 mg. Kafso ɗaya da ƙyar yake ɗaukar giram guda, ina za a cusa giram goma? A can ƙasa, da rubutun da sai mai tabarau, an bayyana cewa wai garin da ke ciki miligiram 500 ne, amma an tato shi daga ganye mai nauyin ninki ashirin, shi ne aka buga lissafin ganyen a gaba don ya cika ido. Matar da ta kawo mini ita ta zaɓe ta ne a kan wata mai 500 saboda a ganinta ta fi ƙarfi sau ashirin, ta kuma biya kuɗin wannan zaton.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce mai "haɗin musamman na kamfani". Za a rubuta jimla ɗaya, a ce miligiram 1,200, sannan a jero sunaye a ƙasa: koren shayi, ɗanyen kofi, citta, barkono, da wasu ganyayyakin da ban taɓa ganinsu da idona ba. Nawa ne na kowanne? Sirrin kamfani ne. Koren shayin yana iya zama rabin haɗin, yana iya zama ɗan barbaɗe don dai a samu damar buga sunansa. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma ba wayon 'yan kasuwarmu ba ne. Dokar Amurka ce ta ba da wannan ƙofa, ta yarda a rubuta jimlar nauyin haɗin ba tare da an warware kowanne ba.

Ana samun kwalba mai gaskiya nan da can, wadda za ta ce garin miligiram 500 ne, kashi 50 cikin ɗari EGCG. Wannan aƙalla ana iya yi mata lissafi: kafso ɗaya 250. Mai sayarwa ta ce a sha biyu da safe biyu da dare, ka ga an kai 1,000, an haura layin nan na 800 tun ba a haɗa da komai ba. Ɗauki wata kwalbar da ita ma ta ce 500 a gaba, amma garinta kashi 10 ne EGCG: guda huɗu 200 ke nan. Lamba ɗaya a goshin kwalba, bambancin ninki biyar a cikin ciki. Yanzu ka ƙara da cewa ba kafso kaɗai ake sayar wa mata ba. "Saiti" ake yi musu: kafso, da shayin safe, da kofin rage ƙiba na yamma. Sau da yawa duka ukun akwai tataccen koren shayi a ciki, kuma babu mai tara lissafin.

Umarnin shan ma ba daga kwalba yake fitowa ba, daga saƙon murya yake fitowa. Mata sun sha kunna mini a shago. Murya mai daɗi, ta fara da sallama da addu'a, sannan: "Hajiyata, da asuba za ki sha kafin ki sa komai a bakinki, a nan ne yake aiki. Ganye ne zalla, ba shi da wata illa, mai shayarwa ma za ta iya sha." Kwatanta wannan da dokar da Tarayyar Turai ta kafa a ƙarshen 2022. Dokar ta ce abin da za a sha a rana dole ya gaza miligiram 800 na EGCG, dole a rubuta nawa ne a kowane sha, kuma dole kwalba ta yi gargaɗin cewa kada a sha da ciki wayam, kada mai juna biyu ko mai shayarwa ko wanda bai kai shekara 18 ba ya sha, kada kuma a haɗa shi da wani kayan koren shayi a rana ɗaya. Kusan kowace jimla ta saƙon muryar nan kishiyar dokar ce. Dalilin hana shan sa kafin a karya shi ne, in ciki babu abinci, EGCG ya fi shiga jini da yawa. Wato abin da mai sayarwa take kira "yana aiki" shi ne daidai abin da ake gudu. Su wa suka fi saye a wurinmu? Mai jego da take son tumbin haihuwa ya koma kafin ta gama wanka, da amaryar da tela ya riga ya yanka mata kaya. Da azumi kuma kasuwar ta fi ci, har da masu buɗe baki da shi kafin dabino ya sauka.

Wani zai ce to a nemi mai cikakken rubutu a huta. Tsugune ba ta ƙare ba, domin rubutun ma sai an tambayi ko gaskiya ne. Mutanenmu suna da wani imani cewa in aka ce "kayan Amurka ne" an gama magana. Alhali tun 1994 dokar Amurka ta ware irin waɗannan kayan ƙarin lafiya daga sahun magunguna. Kamfani ba ya buƙatar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta gwada ta amince kafin ya kai kasuwa. Shi ke da alhakin tabbatar da kayansa, hukuma sai daga baya take shigowa in an samu matsala. Haka aka yi da wani kayan rage ƙiba mai suna Hydroxycut a 2009, sai da rahotannin ciwon hanta suka taru sannan aka janye shi. Kafin nan, a 2003, Faransa da Sifen sun dakatar da wani maganin rage ƙiba na tataccen koren shayi mai suna Exolise saboda dalili ɗaya.

Likitocin hanta na Amurka suna da wata haɗaka da ke tattara kwalaben da marasa lafiya suka sha kafin hantarsu ta kamu, su kai ɗakin gwaji. A rahotonsu na 2013 sun auna kaya 97. Cikin 73 da ba su ambaci koren shayi a jikinsu ba, kusan kashi 40 cikin ɗari an samu katekin a ciki. Ka ga ko wanda likita ya ce ya guji tataccen koren shayi, ya karanta kwalba bai ga sunansa ba, yana iya haɗiyarsa bai sani ba. A wani rahoton na 2019 sun gwada kaya 272 masu rubutun abin da ke ciki, aka samu kashi 51 cikin ɗari abin da ke ciki bai dace da rubutun ba, kuma kayan rage ƙiba suna cikin waɗanda suka fi saɓawa. Gaskiya ne waɗannan kwalabe ne da tun farko ake zarginsu, ba a ɗebo su daga kasuwa kai tsaye ba, don haka ba za a ce rabin kayan kasuwa haka suke ba. Amma ma'aikatar noma ta Amurka tare da cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar su ma sun sayi kafson koren shayi daga kasuwa sun auna, suka ga wasu EGCG ɗinsu bai kai abin da aka rubuta ba, wasu ya zarce, wasu kafson ma ba ya narkewa a kan lokacin da ya kamata. In haka abin yake a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji birjik, me za mu ce da kwalbar da ta shigo a jakar matafiyi, ko wadda aka sayo garinta a buhu aka ɗura a wani ɗaki aka manna mata takarda?

Mu da muka tashi kusa da kasuwa mun san hukuncin mai tauye mudu. Sura guda Alƙur'ani ya saukar da sunan masu yin haka. Amma a wurin hatsi, in mai awo ya tula maka ya ƙara da gyara, godiya za ka yi. A magani gyara ba alheri ba ce. Kwalbar da ta ce 300 aka samu 100 ta cuci aljihunka. Wadda ta ce 300 aka samu 600 hantarka ta taɓa, kuma ita ce mai saye zai yaba, ya ce wannan ta fi ƙarfi, ya turo ƙawayensa. Kasuwa da kanta ba za ta hukunta mai zarcewa ba, lada ma take ba shi. Shi ya sa nake ganin ba a bar wannan awo a hannun mai saye da mai sayarwa.

Akwai kuma abin da ake zubawa ba a rubuta ba. Mafi sauƙinsa filasko, wanda kakanninmu suka sani da sa gudawa. Ana haɗa danginsa a shayin rage tumbi, mace ta kwana tana zarya bayi, ta hau sikeli da safe ta ga ta ragu, alhali ruwan jikinta ne ya tafi. Sai kafeyin. Kofin koren shayi yakan ɗauki kimanin miligiram 30, amma kafson da aka ƙara wa kofi ko goron Amurka ta Kudu yana iya ninka wannan sau da yawa ba a rubuta adadin ba, ga shi EFSA ta ce mai juna biyu kada ta wuce 200 a rana, sauran manya 400. Mu da muke cin goro mu sha shayi mu kora da lemon kwalba, tun kafin kafso mun yi nisa. Mafi muni shi ne sibutaramin, maganin kashe yunwa da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu ciwon zuciya. Har yau hukumomin ƙasashe suna kama shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba masu sunan ganye. In mace ta ce mini tun da ta fara sha bakinta ke bushewa, ba ta barci, ƙirjinta na dukan uku-uku, abinci ya fita ranta kwata-kwata, ina ce mata ta ajiye shi yau, domin ganyen shayi kaɗai bai cika yin haka ba. Abin takaici, waɗannan alamun su ne take kawo mini a matsayin shaidar kayan na da kyau.

Wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, ana saura 'yan makonni bikinta, mahaifiyarta ta rako ta shago wai a ba ta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, kasala ta dame ta, ga tashin zuciya. Da ta ɗago kai na ga farin idonta ya koma ɗorawa. Na ce, "'Yata, fitsarinki fa?" Ta sunkuyar da kai ta ce ya yi duhu kwana biyu. Na tambaya ko tana shan wani magani, uwa da 'ya suka haɗa baki suka ce babu. Sai da na ce ko na gyaran jiki, ko shayi, sannan ta ce, "Au, wannan ai ba magani ba ne, Baba, shayi ne." Kafso huɗu take sha a rana, ga na dafawa. Uwar har ta fara zancen a nemo sassaƙen shawara. Na ce, "Hajiya, don girman Allah ku wuce asibiti yanzu, ku tafi da kwalbar da kwalin shayin, ku ajiye su a gaban likita." An gwada jininta, an hana ta sha, Allah ya ba ta lafiya, aka ɗaga bikin aka yi daga baya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan "ai ba magani ba ne". Likita zai tambaya, mara lafiya ya ce ba ya shan komai, kuma a zuciyarsa ba ƙarya ya yi ba.

In yi adalci: mafi yawan masu shan kafson nan ba abin da zai same su. Ciwon hantar ba kowa yake kamawa ba, bincike ma ya nuna akwai wani gado a jini da ke sa wasu su fi saurin kamuwa. Sai dai babu mai sanin ko yana cikinsu sai abin ya faru. Kuma mu a nan hantarmu tana da nata kayan tun asali. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da yawansu ba su taɓa gwaji ba. Ga farasitamol da ake sha kamar gyaɗa, ga jiƙe-jiƙe. A kan wannan hantar ake ɗora kafson da ba a san nauyinsa ba. Duk don me? Masana na Cochrane, wata ƙungiya mai tace binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwajen koren shayi da rage ƙiba a 2012, suka ce ragin da ake samu ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai a ce ya yi wani amfani ba.

"Ai akwai lambar NAFDAC." Wannan ita ce maganar da ake rufe mini baki da ita. Lambar tana da muhimmanci, kuma ni ba na ajiye kayan da ba su da ita. Waɗanda suka ga zamanin marigayiya Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, sun san abin da lambar nan ta yi mana a yaƙi da jabun magunguna. Amma mutane su san iyakarta. Kayan ganye da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarsa an duba samfurin da aka kai an ga ba ya cutarwa, aka ba shi izini na ɗan lokaci, amma ba a tabbatar yana maganin abin da ake iƙirari ba. Shi ya sa ake buga wani layi a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Layin da Turanci yake, da ƙananan haruffa, mai saye kuwa lambar kawai take nema. Sannan lamba ana iya ƙirƙirarta a manna. Hukumar tana da rumbun bayanai a intanet mai suna Greenbook inda ake duba kayan da ta yi wa rajista. In ka sa lambar ka ga sunan wani kaya daban ya fito, ka san inda aka dosa. Yaran gida masu waya za su iya duba wa iyayensu mata wannan cikin minti biyu.

A watan Fabrairun 2025 NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota nan Legas, da Onica da Aba, ta kwashe kaya masu yawa. Aiki ne babba. Sai dai kayan da nake magana a kansu yawancinsu ba su da rumfa a Idumota. Shagonsu waya ce, ma'ajiyarsu ƙarƙashin gado, tallarsu hoton "da" da "yanzu".

Roƙona ga hukumar, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, shi ne ta wajabta wa duk mai son rajistar kayan da ke da tataccen koren shayi ya rubuta EGCG da kafeyin da lamba, na kafso ɗaya da na yini guda, a daina karɓar jimlar haɗi kawai. A sa gargaɗin rashin sha da ciki wayam, da na mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon hanta, kuma a yi shi da Hausa da Yarbanci da Ibo ko da hoto, tunda ba don Turawa ake sayarwa ba. Ba sabon abu za a ƙirƙiro ba, Turai ta riga ta rubuta, Kanada ma ta ƙarfafa nata gargaɗin tun 2017. Wanda ya fi waɗannan duka a wurina shi ne awo bayan rajista. Samfurin da kamfani ya kai da hannunsa ranar neman lamba, kowa ya san zai yi kyau. A riƙa shiga kasuwa ba sanarwa, a saya kamar kowa, a kai ɗakunan gwajin hukumar na Yaba da Oshodi, a buga sakamakon da sunan kaya kowa ya gani.

'Yan'uwanmu mata masu wannan sana'a, na san yawancinku ba da mugun nufi kuke yi ba. Sari kuke yi ku samu na cefane da kuɗin makarantar yara, ku ma kuna sha, abin da dila ya faɗa muku shi kuke maimaitawa. Amma wanda ya ce wa mai shayarwa "ba shi da illa" ya ɗauki amana a wuyansa. Ki tambayi dilanki takardar gwajin kayan, wadda ke nuna lambar rukunin da ke jikin kwalbar. In ya fara kame-kame, kin samu amsa. Masu juye kafso daga babbar roba zuwa ƙananan leda suna sayar da na mako-mako kuwa, su ji tsoron Allah: sun raba kayan da sunansa, da ranar lalacewarsa, da duk wata hanyar da za a bi sawunsa in wani ya kwanta. Mu masu kemis ma ba mu fita ba. Akwai riba a kayan nan fiye da ta farasitamol nesa ba kusa ba, kuma na san shagunan da suka cika kanta da su saboda haka.

Wanda ya riga ya fara sha ya ji kasala marar dalili, ko tashin zuciya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ƙaiƙayin jiki, ko fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi ɗorawa, ya dakata nan take ya nufi asibiti, kada ya tsaya neman maganin shawara a gida. Kada a yar da kwalbar, a tafi da ita. Ana kuma iya kai rahoto ga NAFDAC ta manhajar waya mai suna Med Safety, domin in ba a kai rahoto ba, a takarda babu wanda ya taɓa cutuwa.

Kai ma Edita ina da buƙata a wurinka. Jaridu da gidajen rediyonmu na Hausa suna karɓar tallar irin waɗannan kaya, kuma mai sauraro yana ɗaukar duk abin da ya ji a rediyo a matsayin an tantance. Ku riƙa neman ganin lambar rajista da cikakken rubutun kwalba kafin ku karɓi kuɗin talla. Sannan ku tura wakilinku ya sayi kwalabe goma daga Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, da wasu daga masu talla a waya, ku kai ɗakin gwajin wata jami'a da ke da na'urar auna sinadarai, a auna EGCG da kafeyin, a kuma duba ko akwai sibutaramin. Ku buga abin da aka rubuta a gefe ɗaya, abin da aka samu a ɗaya gefen. Kuɗin gwajin ya fi ƙarfin mai kemis ɗaya, amma in kun fara, ni da wasu abokan sana'ata a nan za mu sayi kwalaben da kuɗinmu mu miƙa wa wakilinku a rufe yadda muka sayo su.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Naka,
Wani mai kemis,
Agege, Legas.